Kanya shida a takarda: wai me ake gani a zanen nan na sufin ƙasar Sin?

Ɗan_Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, don Allah kar a ce tsokana na zo yi. Jiya ina zaune a shago ina jiran a sauke kaya, ina ta latse-latsen waya, sai na ci karo da wani zane da aka ce wani sufin addinin Buddha ne ya yi shi a ƙasar Sin shekara ɗari bakwai da wani abu da suka wuce. 'Ya'yan itace ne guda shida, biyar a jere, ɗaya ƙarami a gabansu. Ba faranti, ba tebur, ba inuwa. Na tsakiya baƙi ƙirin, na gefe biyun kuwa farare, kamar an manta ba a cika su ba. Wai yana cikin zane-zanen da suka fi suna a duniya. Na juya wayar, na ƙara girman hoton, ban ga komai ba. Wallahi 'yata mai aji uku za ta yi wannan kafin uwarta ta gama kwashe tuwo. To me ya kai mutumin da ya ce ya bar duniya ga zane? Kuma me ke cikin wannan abin, ko dai suna ne kawai ya yi?

Ummu_Hanan: Wa alaikumus salam. Alhaji kai ma dai, ciniki ya yi sanyi ke nan har ka koma kallon zane.

Ɗalibi_a_Hangzhou: Na san zanen da Yaya yake nufi. Ana danganta shi ga Muqi, ana furta sunan kamar "Mu-ci", sunansa na ibada kuma Fachang. Mutumin Sichuan ne, ya rayu a ƙarni na 13 a ƙarshen daular Song ta Kudu, ya zauna a wani gidan ibada da ake kira Liutong kusa da Tafkin Yamma, nan garin da nake karatu. Ɗan ɗarikar Chan ne, wadda Japanawa suke kira Zen. Abin dariyar shi ne zanen ba ya ƙasar Sin. Yana Kyoto ta Japan, a wani sashe na gidan ibadar Daitoku-ji mai suna Ryoko-in, kuma ba kasafai ake fito da shi ba. A ƙarshen 2023 aka kai shi San Francisco a Amurka, mako uku kacal ya yi a baje aka naɗe shi. Faɗinsa bai kai kamu ɗaya ba.

Malamin_Gona: Kafin a yi nisa, kun san 'ya'yan itacen nan 'yan uwan kanyarmu ne? Dangi ɗaya suke a wajen masana tsirrai. Tasu ce dai ta fi girma, kamar tumatir, tamu kuwa sai ka tara cikin hannu kafin ka ji ka ci wani abu. Ku ce kanya shida, an wuce wajen.

Sarkin_Raha: Kanya ta nuna biri ya karye ke nan. Ga kanya, ga Alhaji ya kasa ci.

Ɗalibi_a_Hangzhou: Ai kuwa ka faɗa a daidai ba tare da ka sani ba, don Muqi ya shahara da zanen biri mai dogayen hannuwa.

Abu_Sumayya: Ni gyarana ɗaya. Kalmar "sufi" da kuke ta faɗa ba ta dace ba. Sufanci abu ne na cikin Musulunci. Waɗannan ruhubanawa ne, mutanen da suka aske kai, suka bar aure, suka tare a gidan bauta.

Tsohon_Malamin_Tarihi: Malam Abu Sumayya, maganarka a kan hanya take, ni ma "rahibi" nake cewa a aji. Amma gidajen rediyo sun riga sun saba wa kunnen mutane da "sufayen Buddha", kowa ya san abin da ake nufi. A bar wa kowa wadda ta zo bakinsa.

Shi kuwa Alhaji Ɗan Kwari, zan faɗa maka abin da zai yi maka daɗi: mutanen Sin na zamanin da ra'ayinka suke. Wani marubuci mai suna Xia Wenyan ya tattara tarihin masu zane a 1365, da ya zo kan Muqi sai ya ce aikinsa gautsi ne, ba ya bin tsarin magabata, ba abin da mai ɗanɗano zai zauna ya kalla ba ne. Wani marubucin kuma ya ce wani lokaci ba ya ma ɗaukar buroshi, da ragowar raken da aka matse ko damin ciyawa yake dangwalar tawada. A idon malaman fada da suka kwashe shekaru suna koyon yadda ake jan layi ɗaya, wannan rashin kunya ne.

Ɗan_Kwari: To kun ji ko! Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan mutanensa sun ce ba komai, su wane ne Japanawa da Turawa da za su zo su ce mana akwai komai?

Tsohon_Malamin_Tarihi: Kar ka yi saurin tafi, ɗana, ban gama ba. Waɗanda suka kushe shi wani rukuni ne, malaman gwamnati masu ganin zane na gari sai ya fito daga hannun irinsu. Ba su ce bai iya ba. Je ka nemi zanensa mai falle uku da ke Daitoku-ji: Guanyin, alamar jinƙai a wajen 'yan Buddha, a tsakiya zaune a kan dutse cikin farin mayafi, a gefe ɗaya tsuntsu dangin gauraka yana fitowa daga cikin gora, a ɗaya gefen uwar biri rungume da ɗanta a kan reshe. A kan siliki aka yi su, kowanne ya haura mita ɗaya da rabi, kuma akwai sa hannunsa a jiki inda ya kira kansa rahibin ƙasar Shu, wato Sichuan. Gashin birin nan sai ka ji kamar ka shafa. Japan ta sa shi cikin taskar ƙasa. Mutumin da ya yi wannan, in ya zana kanya shida ya bar biyu farare, ba mantuwa ya yi ba.

Gaskiya ɗaya dai da ya kamata a faɗa: kanyar ba ta da sa hannu, danganta ta ake yi gare shi. Kuma masana da dama suna ganin yanko ta aka yi daga wani dogon naɗaɗɗen zane. Wato wannan kaɗaicin da ake ta yabo, watakila almakashin wani ne ya samar da rabinsa.

Mai_Zayyana: Ni ban san tarihin Sin ba, amma na san tawada. Shekara ashirin da wani abu ina yi wa masu sauka zayyana a allo. Alhaji, abin da na gani a hoton da ya tsayar da ni ba siffar kanyar ba ce, ruwan tawadar ne. Kowace ɗaya da kaurinta. Akwai wadda aka dangwala da kauri, akwai wadda aka tsinka, akwai wadda layi ɗaya aka zagaya aka ɗaga hannu. Mu da muke aiki a allo, in ka yi kuskure ka wanke. Shi takarda ce mai shan ruwa, in ka ɗora ka ɗora ke nan, in ka koma ka gyara kowa zai gani. Sannan dubi hancin kowace kanya, wancan ɗan baƙin da ke sama. Wannan ba zane ba ne, rubutu ne. Hannun marubuci ne ya yi shi.

Ɗalibi_a_Hangzhou: Malam ka gano abin. A wajensu buroshin rubutu shi ne na zane. Tawadarsu kuma kunkunniyar itacen da aka ƙona ce ake haɗawa da danƙon da ake dafawa daga fatar dabba, a busar da ita kamar sanda. In za ka yi aiki sai ka zuba ɗan ruwa a kan dutse ka riƙa goga sandar har ta kai kaurin da kake so. Suna da magana cewa baƙar tawada launi biyar gare ta.

Mai_Zayyana: Ikon Allah. Mu gawayi da ƙaro, su kunkunniya da danƙon fata. Zan gwada kanyar nan yau da daddare, zan dawo muku da labari.

Yar_Damagaram: Ina ta bin ku, amma tambayar Alhaji ta farko har yanzu ba wanda ya taɓa ta. Me ya kai mai zuhudu ga zane?

Tsohon_Malamin_Tarihi: 'Yata, kin kyauta da kika dawo da mu. Dalilin ba ɗaya ba ne. Na farko, hoto yana da aiki a ibadarsu, ana rataye shi a wajen bukukuwa. Na biyu, a ɗarikar Chan malami kan ba almajirinsa hoton kansa da rubutun hannunsa a sama. Malamin Muqi, Wuzhun Shifan, wanda ya shugabanci babban gidan ibada na dutsen Jingshan, ya ba wani almajirinsa Bajapane mai suna Enni irin wannan hoton a 1238. Har gobe yana Tofuku-ji a Kyoto. Na uku kuma, wanda ba a cika son faɗa ba, zane kyauta ce da ake ƙulla zumunci da ita da manyan gari da masu kuɗi. Gidajen ibadar nan ba bukkoki ba ne a daji. Suna da gonaki da ma'aikata da dukiya. A 845 sarki Wuzong na daular Tang ya rushe manyan gidajen ibada 4,600, ya tilasta wa ruhubanawa maza da mata sama da 260,000 komawa zaman gida su biya haraji. Ba a yi wa matsiyaci irin wannan farmakin.

Bakano_a_Yiwu: Baba ya taɓo inda nake jira. Ni ɗan kasuwa ne, kuma na ce hanyar da zanen Muqi ya bi ya isa Japan hanyar fatauci ce. Jiragen ruwa tsakanin Ningbo ta Sin da Hakata ta Japan suna ɗauke da 'yan kasuwa da almajirai tare. Shi Enni ɗin nan, bayan ya koma gida sai gobara ta ci gidan ibadar malaminsa a 1242. Sai ya haɗa kai da wani attajirin Sin da ke zaune a Hakata suka aika da katako dubu don a sake gini. Wasiƙar godiyar da malamin ya rubuto tana nan a gidan tarihi na Tokyo. Kun ga zumunci, kun ga kasuwa. Kayan da ba su da farashi a gida sai a kai su inda ake nema. Mu ma haka muke yi a nan.

Ɗan_Kwari: Ah to. Ashe dai maganata ce. Kayan da suka ƙi shiga a Kwari ake kai wa ƙauye.

Bakano_a_Yiwu: A'a Alhaji, Kyoto ba ƙauye ba ce. Sarakunan yaƙi na gidan Ashikaga ne suka tara su suka buga musu hatimi. Har dogon zanensa na shimfiɗar koguna suka yayyanka don kowane yanki ya shiga lungun ɗakin shan shayi. Japanawa suna kiransa Mokkei, masu zanensu sun yi ƙarnuka suna kwaikwayon birinsa.

Ummu_Hanan: Yayyankawa kuma? Wannan wace irin ƙauna ce.

Matashi_99: Ni wanda ya fi burge ni cikin sufayen nan shi ne Liang Kai, wanda ya zana wani dattijo tsugune yana sarar gora. Layi kaɗan amma kamar zai motsa.

Ɗalibi_a_Hangzhou: Ɗan'uwa, Liang Kai ba rahibi ba ne. Mai zanen fada ne a farkon ƙarni na 13. An ba shi ɗamarar zinariya ta girmamawa, ya rataye ta a fada ya yi tafiyarsa, ana ce masa Mahaukaci Liang. Ya yi hulɗa da 'yan Chan, ya zana abubuwansu, shi ya sa ake haɗa su. Mutane da yawa suna wannan kuskuren, da sun ga baƙar tawada da gaggawa sai su ce na rahibi ne.

Matashi_99: Na gode da gyara. To zanen kogunan dutse na Dunhuang, a arewa maso yammacin Sin, fa? Su ai ruhubanawa ne suka yi.

Tsohon_Malamin_Tarihi: Rahibi ne aka ce ya fara haƙa kogo a wajen a shekara ta 366, kuma kusan kogo 500 ke da zane a bango. Amma yawancin masu zanen 'yan sana'a ne da ake ɗauka haya, masu hali su biya don neman lada, har a zana su da iyalinsu a ƙasan bangon. Addinin Buddha ya cika zanen Sin, sai dai ba kowane mai zana Buddha ne rahibi ba, kuma ba kowane rahibi ne ke zana Buddha ba. Ga Juran nan, na ƙarni na 10. Rahibi ne a Nanjing, amma duwatsu da hazo da bishiyoyi yake zanawa, a natse, da dogayen layuka masu laushi da ake kamantawa da zaren rama da aka warware. Da daular Tang ta Kudu ta faɗi a 975 aka tafi da sarkinta Li Yu zuwa Kaifeng, Juran ya bi shi, ya ci gaba da aiki a sabon babban birnin. Shi malaman Sin ba su kushe shi ba, a kansu suka ɗora shi. Ku lura, rahibi biyu, ƙasa ɗaya, ɗaya an ɗaukaka, ɗaya an yi watsi da shi.

Hajiyar_Sabon_Gari: Ni dai wanda zan ba ku labarinsa Guanxiu ne, wani rahibi mai zane, don na ga aikinsa da idona. Da na je wajen ɗana a Hangzhou ya kai ni wani tsohon gidan girmama Confucius, babban malamin Sinawa, inda aka tara duwatsu masu rubutu. A wani ɗaki sai ga fuskokin tsofaffi goma sha shida an sassaƙa a dutse. Wallahi sai da na ja da baya. Wani girarsa ta zubo har sai ya riƙe ta da hannu, wani kansa kamar goran da ya lotsa, hanci zabga-zabga, haƙarƙari a waje. Na ce wa yaron wannan ai aljanu ne. Ya ce a'a Umma, waliyyansu ne, almajiran Buddha da suke kira luohan. Ni dai ban ƙara minti biyar a ɗakin ba.

Ɗalibi_a_Hangzhou: Hajiya sannu, na san ɗakin. Guanxiu an haife shi a 832 ya mutu a 912, tun yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan ibada. Cewa ya yi a mafarki ya ga fuskokin nan. Ya ba su kamannin mutanen Indiya kamar yadda Basine na lokacin yake hasashensu, ya kuma ƙara gishiri da gangan. Sarki Qianlong ya ga zanen a Hangzhou a 1757 ya yaba, a 1764 aka kwafe su a dutse. Na asalin sun salwanta a yaƙin tawayen Taiping a ƙarni na 19, dutsen ne ya tsira.

Mawaƙi ne kuma mai taurin kai. Ana ba da labarin ya yi wa Qian Liu, mai mulkin yankin nan, waƙar yabo ya ce takobinsa ya mallaki larduna goma sha huɗu. Mai mulki ya aiko a ce masa ya mayar da su arba'in kafin ya gan shi. Ya ce lardi ba ya ƙaruwa da baki, waƙa kuma ba ta canzuwa, ya ɗauki ƙwaryarsa ya bar garin. A ƙarshe Chengdu ya tare, sarki Wang Jian ya karɓe shi ya ba shi laƙabi.

Sarkin_Raha: Wato ya bar duniya amma bai bar ƙofar fada ba. Daga wannan sarki sai wancan.

Yar_Damagaram: Amma ai ya ƙi ƙara lardi ashirin da shida na ƙarya. Maroƙa nawa ne za su iya?

Abu_Sumayya: Jama'a a yi hattara dai. Zanen abu mai rai da hotunan abin bautar wasu, mun san matsayinsa a wajenmu.

Mai_Kula_da_Zaure: Malam mun ji, Allah ya saka. Tarihi ake tattaunawa, ba wanda ya ce a rataya a ɗaki. Mai son hukunci ya tambayi malamansa. A ci gaba.

Yar_Damagaram: To ni ga wanda ya kwanta mini, ba mai rai a ciki. Zhongren, rahibi a Hunan wajen shekara ta 1100. An ce wata rana da dare ya ga inuwar reshen fure a jikin takardar taga, farin wata ya hasko ta, sai ya ɗauki tawada ya bi inuwar. Daga nan zanen furen da baƙar tawada zalla ya zama fanni mai zaman kansa. Wannan ya fi kama da amsar tambayar Alhaji a wajena. Mutumin da ya rage hayaniya yana da lokacin da zai lura da inuwa a taga.

Bakano_a_Yiwu: Ko kuma wanda gonakin gidan ibada suke ciyar da shi, ba ya tunanin kuɗin haya.

Mai_Zayyana: Na dawo. Jiya bayan isha'i na zauna da tawada da takarda, na yi buroshi da gashin jelar akuya. Falle goma sha ɗaya na ɓata. Baƙar ta tsakiya ba wuya. Fararen nan biyu su suka ƙi. In na zagaya a hankali sai layin ya yi rawa ya fito kamar ƙwai, in na yi sauri sai bakin layin ya ƙi haɗuwa. Masu ruwan toka kuwa ruwa ya yi ta malala yana barin tabo a gefe. Wani abin kuma da ban lura ba sai da na gwada: tazarar da ke tsakaninsu. Wasu sun taɓa juna, wasu da ɗan sarari, ƙaramar ta gaba ita ta riƙe jerin. Da na jera nawa daidai wa daida sai suka zama kamar tumatirin mai kasa kaya a bakin titi.

Ɗan_Kwari: Malam, ni ma na ba 'yar tawa hoton da takarda. Ta zana shida cif, ta shafa musu jan launi da ruwan lemo, ta ƙara faranti da wuƙa a gefe, ta ce na mutumin bai gama ba ne. Na liƙa nata a bangon shago. Har yanzu dai ban ce na ga abin da kuke gani ba, amma birin da Baba ya ce in nema na nema, wannan kam na yarda. Ƙanena na Hangzhou, sandar tawadar nan nawa take a wajenku? In kana da mai zuwa Kano ka saƙo guda biyu da dutsen gogawar, a ba Malam Mai Zayyana ɗaya.

Mai_Zayyana: A haɗo da takardar tasu, Alhaji. Ina zargin tamu ce ta ci amanata.